Na buɗe adakar Kaka na tarar da tsofaffin shimfiɗu, dillali ya taya riyal 1,500: in sallama?

Ummu Hanan (Jidda): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Tun lokacin izala, wato rusau, da aka tashe mu daga unguwar Sabil a 2022 akwai adakar marigayiya kakarmu da na tura mustauda, wato ɗakin ajiya, ban buɗe ba. Jiya ina neman wuri na fasa ta. Shimfiɗu biyu na ulu na tarar, an naɗe su cikin wani tsohon zane. Ɗaya siririya ce, faɗinta bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, amma tsawonta ya kusa ratsa falona. Ja da baƙi da fari, ga kauri, tana kartar hannu. Ɗayar kamar darduma ce sai dai ba ta da gashi, gaba da baya duk ɗaya, in ka ɗaga ta wajen haske sai ka ga 'yan tsage-tsage duk inda launi ya haɗu da launi. Na kira mai sayen tsohon afash, wato kayan ɗaki, ya kwashe tarkace, yana ganinsu ya ce riyal 400. Mamaki ya sa na yi shiru, shi kuwa ya ɗauka ƙi na yi, ya ce 800. Kafin ya sa takalmi ya kai 1,500. Wannan saurin nasa ne ya tsorata ni. Mene ne waɗannan abubuwa?

Auta: Yaya ki karɓi kuɗinki tun bai farka ba. Tsumma fa kika ce.

Baban Walid: Auta, ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ke jayayya a kan riyal biyar na tsohuwar fanka, shi ne zai yi tsalle daga 400 zuwa 1,500 don Allah da Annabi?

Kawu na Sawarik: Wa alaikumus salam 'yata. Shekarata talatin da ɗoriya ina harajin Sawarik, kasuwar gwanjo ta Jidda, irin waɗannan sun ratsa hannuna ba adadi. Turo hoto, gaba da baya, da kusa-kusa. Kada ki wanke, kada ki karkaɗe da ƙarfi, kada ki bari yara su ja bakin zaren.

Ummu Hanan (Jidda): Ga su nan Kawu, guda shida.

Kawu na Sawarik: Madalla. Doguwar nan sadu ce, saƙar matan Badawiyyai. Mai tsage-tsagen kuma kilim ce, ba ta ƙasar nan ba ce, baƙuwa ce.

Auta: Kilishi? To a kawo mu ci.

Ɗan Kura (Makka): Kai yaro, ko a Hausa ai kilishi biyu ne. Akwai na ci, akwai na shimfiɗa. A fadar Kano har sarauta ce, Kilishi, shi ke shimfiɗa wa Sarki. Tambayi manya.

Injiniya (Riyad): Bari in ɗan yi bayani, don na daɗe ina zaryar Suƙuz Zal a nan Riyad, kasuwar da ma sunanta daga zuliyya ya fito, wato darduma. Shimfiɗar ulu gida biyu ce. Akwai mai gashi, wadda ake ƙulla zare ɗaɗɗaya a yanke, ita ce kafet ɗin da muka sani. Akwai kuma marar gashi, saƙa zalla kamar yadda masaƙanmu ke yi. Naki duka biyun na gida na biyu ne, amma hanyarsu ta bambanta.

A kilim, zaren tsaye ɓoye yake, ba a ganinsa sai a geza. Zaren kwance ne ke ɗauke da launi. Mai saƙa takan kai jan zare iyakar inda adon ya tsaya ta juyo da shi, ta ɗauki shuɗi daga can gefen shi ma ta juyo. Tsakaninsu sai a bar tsaga. Don haka tsage-tsagen da kike gani ba yagewa ba ce, haka aka saƙa ta. Shi ya sa ma adon kilim yake hawa-hawa kamar matakala, don in layi ya miƙe tsaye da tsawo tsagar za ta yi girma, shimfiɗar ta yi rauni.

Sadu kuwa akasin haka ce. Launin yana jikin zaren tsaye tun wurin wadari. Ana kafa turaku huɗu a ƙasa, a miƙe zaren, mace ta zauna a kan abin da ta saƙa tana matsawa gaba, tana danne zaren da ƙahon barewa. In tashi ya kama, a tuge turakun a naɗe a ɗora wa raƙumi. Abin da ya sa take fitowa siririya doguwa ke nan, sai a ɗinke guda uku ko huɗu a samu labulen da ke raba ɓangaren maza da na mata a baitus sha'ar, wato tantinsu na gashi. Ina kyautata zaton taki ɓari ɗaya ce daga irin wannan labule. Duba tsakiyarta, wannan layin baƙi da fari mai ƙananan zane-zane, shi suke kira shajara, kuma shi ne ma'aunin gwanintar mai saƙa. Juya bayansa za ki ga zare na shawagi sako-sako.

Ummu Hanan (Jidda): Wallahi haka ne Injiniya, bayan duk zare ne a sake. Har da wani abu kamar almakashi a cikin zanen.

Injiniya (Riyad): To kin gani. Sukan sa abin da ke gabansu: almakashi, mataji, butar gahawa, raƙumi, wasam, wato tambarin da kabilarsu ke yi wa raƙuma. A na baya-bayan nan har jirgin sama ana samu. A 2020 UNESCO ta sa sadu cikin jerin al'adun duniya da sunan Saudiyya da Kuwait, kuma tambarin taron G20 na Riyad a shekarar daga adon sadu aka ɗauko shi. Tun daga nan masu otal da masu gyaran majalisa suka taso wa tsofaffin.

Baban Walid: Wato miliyoniya ce a zauren namu ba mu sani ba.

Kawu na Sawarik: A'a, a daina hura mata kai. Nan ne nake rabuwa da 'yan boko. Injiniya ya iya suna, ni na iya farashi. Tsoho daban, antika daban. A wajen masu tara kayan nan, sai abu ya doshi shekara 100 suke ba shi wannan suna. Kilim ɗin nan taki, kin ga ruwan lemon nan mai kashe ido a gefe? Wannan rinin kanti ne. Irinta alhazan Afganistan suka riƙa shigowa da su a kafaɗa, su sayar a Makka da Jidda su yi guzuri. Har bayan rushewar Tarayyar Sobiyet na ga 'yan Dagistan da idona, sun zo a manyan motoci sun baza darduma a gefen titi. Taki ta yi kama da saƙar wajen Maimana ta Afganistan. Tana da kyau, ulu ne na gaske, amma ba za ta saya miki gida ba.

Injiniya (Riyad): Kawu, ban musa ba, amma rinin kanti ba shi ke nuna abu sabo ne ba. Tun 1856 wani Bature ɗan Ingila, William Perkin, ya haɗa rinin farko na sinadari. A 1868 Jamusawa suka haɗa jan da ake samu daga saiwar fuwwa, a 1897 kamfanin BASF ya fito da shuɗin da ya karya kasuwar baba. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare waɗannan sun shiga ƙauyukan Turkiyya da Iran. Ke nan shimfiɗa za ta iya haura shekara 100 da rinin kanti a jikinta. Abin da rinin ke faɗa shi ne ba ta girmi waɗancan shekaru ba, shi ke nan.

Kawu na Sawarik: Na ji, ɗana. Amma mai saye ba tarihi yake biya ba, ido yake biya. Rinin itace in ya tsufa laushi yake yi, ja ya koma kamar cikin dabino, shuɗi ya yi zurfi. Na kanti in ya tsufa ko dai ya koɗe ya yi toka-toka, ko ya tsaya yana ihu har abada. Kuma akwai abin da muke kira abrash: ka ga fili ɗaya ja ne amma ya yi ratsi-ratsi, nan ya ɗan ciza nan ya ɗan saki, saboda matar ta rina ulun kaɗan-kaɗan a tukunya daban-daban. Da, in mai saye ya ga haka rage kuɗi yake yi. Yau shi ake nema, har masana'antu na kwaikwayonsa da gangan.

Hajiya Babba (Hindawiyya): Ni dai abin nan ɗaure mini kai yake. Muna yara a Jarwal, irin wannan sadu a kanta ake yanka albasa. Wanda ya samu kuɗi ya sayi kafet ɗin inji mai laushi, a jefar da wannan a bayan gida. Yanzu a ce wai ado ne ake ratayewa a bango?

Ɗan Kura (Makka): Hajiya, ai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matar da ta yi wata da watanni a durƙushe tana saƙa, babu wanda ya san sunanta. Dillalin farko ya saya a banza, na biyu ya kai Istanbul, na uku ya kai Landan ya rubuta mata tarihi a takarda mai sheƙi. A 2013 an yi gwanjon wata tsohuwar kafet ta Kirman a New York, ta haura dala miliyan 33. Jikokin masu saƙar nawa suka gani?

Injiniya (Riyad): Waccan mai gashi ce kuma ta ƙarni na 17, aikin manyan masaƙun birni, ba irin ta makiyaya ba. Kada a haɗa. Amma maganarka tana kan hanya. Shi ya sa nake yaba abin da aka yi a Turkiyya a 1981, shirin DOBAG, inda wani malamin kimiyya Bajamushe, Harald Böhmer, ya binciko yadda ake rinin gargajiya ya mayar wa matan ƙauyukan Ayvacık, suka kafa ƙungiya suna sayarwa da kansu.

Malam na Misfala: Assalamu alaikum. Na ga ana maganar rataye shimfiɗa a bango, ina so in tunatar. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta rataye wani labule, Manzon Allah (SAW) ya cire shi ya ce Allah bai umarce mu da tufatar da duwatsu da laka ba. Imam Nawawi ya ɗauki wannan a matsayin karhanci, ba haramci ba. Ban ce kowa ya yi zunubi ba. Amma mutum ya zuba dubban riyal a tsumman bango alhali maƙwabcinsa na neman kuɗin sabunta iƙama, takardar zama a ƙasa, a duba.

Baban Walid: Allah Ya gafarta Malam, ita fa ba saye za ta yi ba, sayarwa za ta yi. In ma israfi ne, na mai saye ne.

Malam na Misfala: Haka ne. Ciniki halal ne matuƙar ba a yi ƙarya a shekaru ko asali ba. Kuma wanda ya saya don ya juya, kayan kasuwanci ne, zakka ta hau shi. Wanda ya gada ya ajiye, babu komai a kansa. Akwai wata magana da ta fi wannan, amma bari in ji ƙarshen bayanin tukuna.

Kawu na Sawarik: Tunda Malam ya taɓo ƙarya, bari in tona asirin sana'armu kaɗan, Allah Ya yafe mana. Ana tsofar da sabuwar shimfiɗa. A shanya ta a rufin gida wata biyu rana ta ci, a wanke da sinadari, a jiƙa da ruwan shayi, wasu har a titi suke shimfiɗawa motoci su bi ta kai. Ni kaina an taɓa yi mini, na sayi uku a hannun wani baƙo da rantsuwar cewa na kakarsa ne, ashe kakar tasa ba ta fi wata shida da haihuwa ba. Ga abin da za ki yi, 'yata. Ciro ɗan zare daga inda ya riga ya zare, ki kusanta shi da ashana. In ya yi ƙaurin gashi ya murmushe ya zama toka, ulu ne. In ya narke ya dunƙule kamar leda, roba ce. Sannan ki jiƙa farin ƙyalle ki danna a kan jan, ki ga ko zai zuba. Ki buɗa tsakanin zare ki duba: in ciki ya fi waje kaifin launi nesa ba kusa ba, rana ko sinadari ne suka ci saman. Tsufan gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya, inda ake takawa ya fi cinyewa, baƙin ma yakan riga sauran lalacewa saboda ƙarfen da ke cikin rininsa.

Ummu Hanan (Jidda): Na gwada Kawu. Duka biyun ƙaurin gashi suka yi, har Hanan ta fito tana tambaya wa ke babbaka. Jan kilim ɗin ya ɗan taɓa ƙyallen, na sadun bai zuba ba. Amma na ga 'yan ramuka da wani abu kamar gari a lungun naɗin.

Injiniya (Riyad): Asu ne. Yi maza ki raba su da sauran kayan ulu. Ki sa kowacce a leda ki ɗaure, ki saka a firiza mai ƙarfi kamar mako biyu, ki fito da ita ta huce a cikin ledar kafin ki buɗe. Bayan nan kada ki adana a leda, damshin Jidda zai sa ta yi fumfuna. A naɗe ta kamar tabarma cikin farin yadi, kada a ninke, don kan ninkin ne zare ke karyewa. Kuma don Allah kada a kai magsala, wato gidan wanki.

Goggo 'yar Mai Wurno (Madina): Ni duk surutun nan ban ji wanda ya tambayi zanen da aka naɗe su a ciki ba. A hoto na huɗu na hango gefensa. 'Yar nan, ɗauko mini shi da kyau.

Ummu Hanan (Jidda): Goggo wannan ai tsohon zane ne kawai, har na ware shi cikin na goge-goge. Ga shi.

Goggo 'yar Mai Wurno (Madina): Innalillahi. Na goge-goge! Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Wannan saƙi ne, kin ga ɗigo-ɗigon fari cikin baƙin shuɗi kamar jikin zabo? Jan ratsin nan na bakinsa kuma alharini ne. Ƙirga ƙwaryoyin, kowacce ba ta fi faɗin yatsu huɗu ba, da hannu aka ɗinke su. Uwata tana da irinsa, daga ƙasar Hausa uwarta ta taho da shi, ya zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu shekara da shekaru. Mutanenmu da suka taho a ƙasa, ta Chadi da Sudan su tsallako ta Sawakin, ba su ɗauko gado ko kujera ba. Zane suka ɗauko, don shi ne sutura, shi ne kuɗi in guzuri ya yanke, shi ne abin goyo. A Sudan ma mun tarar da nasu, damur na auduga da shamla ta gashin awaki da matan makiyaya ke saƙawa a ƙasa, kusan irin sadun nan. Wa ya adana? Yanzu ga yaƙi tun 2023, wanda ya tsira da ransa ma ya gode Allah.

Ɗan Kura (Makka): Goggo kin taɓa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni ɗan marina ne, a bakin karofi na tashi. Alharinin nan ta Sahara yake zuwa daga Tarabulus, zanen da aka saƙa da shi shi ne barage. Ga tsamiya, ga luru, ga turkuɗin garinmu da Buzaye ke naɗawa har ya rine musu fuska. Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Yau je gidan tarihi na Birtaniya ka ga rigunanmu, aska takwas da aska biyu, a bayan gilashi. Mu kuwa mun ba masu gwangwan sun ba mu roba. Larabawa sun farga, 2025 ma sun sa mata sunan shekarar sana'o'in hannu. Mu muna jiran Bature ya yaba tukuna.

Baban Walid: Kai ma Ɗan Kura shadda ce a jikinka a hoton da ka sa, ba saƙi ba.

Ɗan Kura (Makka): Zafin Makka ne ya hana, ba ƙi ba.

Auta: To Kawu, nawa zanen zai yi?

Kawu na Sawarik: A Sawarik? Ko riyal 20 ba za a taya ba, gaskiya ɗaya ce. Babu wanda ya san shi a nan. Masu neman saƙar Afirka ta Yamma suna Turai da Amurka, kuma su manyan riguna da barguna irin na Fulanin Mali suka fi bi. Kuɗin yana jikin sadun, ita mutumin ya gani ya rikice. In za a sayar, kada a haɗa su a ciniki ɗaya, kuma a nuna wa mutum uku kafin a ce an sallama. Wanda kuma zai fita da tsohon abu daga ƙasar nan ya fara tambayar Hai'atut Turas, hukumar kayan tarihi, akwai dokar kayan tarihi, kada a tsare shi a filin jirgi.

Injiniya (Riyad): Ƙari a kan na Kawu: ko nawa za a taya, in an san daga hannun wa ta fito da shekarar da aka same ta, darajarta ta fi. Ummu Hanan, akwai wanda ya san yadda Kaka ta samu sadun?

Ummu Hanan (Jidda): Na kira Inna ƙanwar babanmu a Makka yanzun nan, ita kaɗai ta rage a 'ya'yanta. Ta ce Kaka ta yi shekaru tana aiki a gidan wasu Badawiyyai a hanyar Ɗa'if, uwar gidan ce ta yanko mata ɓari ɗaya daga labulen tantinsu ranar da suka koma gidan siminti. Kilim ɗin kuma wani alhaji ne ya bar wa Kakanmu a madadin kuɗin ɗaki. Da na ambaci zanen sai ta yi shiru, can ta ce da shi aka goya ta, da shi aka goya babanmu, kuma ta shekara ashirin tana cigiyarsa. Ta ce in kuskura in goge wani abu da shi.

Malam na Misfala: To ga maganar da na ajiye. 'Yata, an raba gadon kakarku?

Ummu Hanan (Jidda): Wallahi Malam adakar dai ba a raba ba, kowa ya ɗauka tarkace ne.

Malam na Misfala: Ke nan ba naki ba ne ke kaɗai, balle ki sallama. Innarku tana da kaso. In mahaifinku ya rayu bayan mahaifiyarsa, kasonsa ya gangaro kanku ke da 'yan'uwanki da mahaifiyarku. In akwai wasu 'ya'yan da suka rasu bayanta, nasu magadan ma suna ciki. A ƙirga kowa, a yi wa kayan kuɗi, sannan wanda ke so ya riƙe ya biya sauran ko su yafe masa da bakinsu.

Auta: Kai, riyal 1,500 a raba wa mutum nawa ke nan?

Ummu Hanan (Jidda): Mu tara ne a wajen babanmu kaɗai, ban ƙirga na Kano ba. Ranar Juma'a zan kai wa Inna zanen, in kunna waya ta ba ni labarin da bakinta. Shimfiɗun suna firiza, na kwashe kajin na kai maƙwabta. Mai afash ya kira sau biyu, na ce masa albarka.

Kawu na Sawarik: In kun gama lissafin gadon a fara sanar da ni kafin bare. Sadun kaɗai nake so, kilim ɗin ku shimfiɗa wa Inna.

Baban Walid: Kawu da ya ce kada a hura mata kai.